Zuwa da kai ya fi aike: Yadda 'ya'yanmu ke zubar da makin jami'a tun kafin ranar jarrabawa



Tun watan Fabrairun 2025, da Shugaba Bola Tinubu ya amince a mayar da tsohuwar Jami'ar Nok ta koma jami'ar tarayya a Kachia, hirar da ake yi a rumfunan Kasuwan Magani ta ɗan sauya. Da can in an zauna, maganar farashin masara ce da citta da halin da hanya ke ciki. Yanzu har da maganar jami'a. Dalili kuwa a fili yake: mu da ke kan titin Kaduna zuwa Kachia mun zama a tsakiya. In ka yi arewa ga Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, wadda aka kafa a 2004. In ka yi kudu ga sabuwar ta Kachia, gaba kuma ga reshen KASU na Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya.

'Yan uwanmu da ke Agege, Sabon Badun, Shagamu da Anaca su ma suna bugo waya. Tambayar kowa biyu ce: yaya yaro zai samu gurbi, kuma nawa ne kuɗin makaranta? Ban taɓa jin wanda ya tambayi kwana nawa yaron zai iya fashin aji kafin karatun ya lalace ba. Ni kuma a ganina a nan ne muke yin asarar da ta fi kowace girma, kuma da hannunmu muke yin ta.

Bari in faɗi gaskiya tun farko. Ni ban yi jami'a ba. A sakandare na tsaya, na kama bin mahaifina harkar shanu. Abin da zan faɗa na koye shi ne ta hanya mai tsada, wato ta takardar sakamakon ƙanena, sannan na zauna da ɗalibai da malamai na yi ta tambaya har na gane lissafin.

Yadda ake raba makin

Mu da muka tsaya a sakandare mun saba da tsarin WAEC da NECO: ka yi shekara uku, ranar jarrabawa ta zo, ka shiga ka rubuta. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗauka cewa in dai yaro ya koma makaranta kafin jarrabawa, to babu abin da ya rasa. Jami'a ba haka take ba.

Kowane kwas maki 100 ne, amma an raba shi gida biyu. Jarrabawar ƙarshen zango tana ɗaukar 60 ko 70, ya danganta da jami'ar. Sauran 40 ko 30 ɗin ana tara su ne tun ana cikin karatu: tes, aikin gida, aikin rukuni, gabatar da bayani a gaban aji, aikin ɗakin gwaji ko na gona. Ɗalibai suna kiran wannan kaso da CA. Wasu malaman suna ware ɗan maki a ciki saboda zuwa aji da amsa tambaya. Wasu kuma ba sa sanar da ranar tes, sai dai a shigo a ce kowa ya yage takarda.

Bayan wannan akwai dokar halarta. A yawancin jami'o'in ƙasar nan, ƙa'ida ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccocin kwas kafin a bar shi ya shiga jarrabawarsa. Ba kowane malami ke tsananta ta ba, amma tana nan a rubuce cikin littafin dokokin ɗalibai, kuma ranar da aka ga dama aka ɗauko ta babu mai ceton yaro.

To mu yi lissafi irin na kara. A ƙa'ida zango ɗaya yana da mako 15 na lacca. Kashi ɗaya cikin huɗu na mako 15 bai cika mako huɗu ba. Ke nan duk abin da yaro ke da shi na uzuri a zango guda, rashin lafiya ne, rasuwa ce, biki ne, rashin kuɗin mota ne, bai kai wata ɗaya ba. In kuma makaranta ta matse zangon ya koma mako 12, kamar yadda aka yi ta yi bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, uzurin ya koma mako uku cif.

Ga misalin yadda tes ɗaya ke canza sakamako. A ce CA 40 ne, an raba shi tes biyu, kowanne maki 20. Yaro ya rubuta na farko ya ci 12, na biyu ba ya nan. Ranar jarrabawa ya yi ƙoƙari ya ci 36 cikin 60. Jimla 48, wato D, mai daraja 2. Da ya zauna tes na biyu ya ci ko da 13 ne, jimlarsa 61, wato B, mai daraja 4. Kansa ɗaya, karatunsa ɗaya, amma rashin awa guda a aji ya raba darajar biyu. In aka maimaita haka a kwas uku ko huɗu, CGPA ɗinsa ya zube. Kuma CGPA shi ke yanke ajin digiri: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Masu ɗaukar aiki da masu ba da tallafin ƙaro karatu wannan lambar suke fara dubawa. Ba sa tambayar dalilin da ya sa ta faɗi.

Wa ke cin kwanakin yaro?

Abu mai sauƙi ne mu ce yaran yanzu ba sa son karatu, sai waya da yawo. Akwai irinsu, babu musu. Amma a gidajen 'yan kasuwa irin namu, in aka bi diddigi, rabin fashin daga gida yake fitowa.

Na farko, jinkirin rajista. Makaranta ta buɗe, uban yana Ikko, kuɗinsa suna hannun mahauta ba su biya ba. Sai a ce wa yaro ya dakata zuwa mako mai zuwa. Mako ya zama biyu. Kafin ya isa an yi nisa, an raba rukunin aiki, sunansa ba ya cikin ko ɗaya. Wannan matsala ta ƙaru tun 2021 da aka ƙara kuɗin KASU ya kai Naira 150,000 a mafi ƙaranci. Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa 105,000 a watan Agustan 2023, amma a shekarar ce aka cire tallafin mai, kuɗin mota da na abinci suka ninka.

Na biyu, Babbar Sallah. Gwamnatin tarayya hutun kwana biyu takan bayar. Kasuwar raguna kuwa mako biyu zuwa uku take ci, daga saye a ƙauyuka, zuwa lodi, zuwa hanya, zuwa tsayuwa a turke, zuwa jiran 'yan bashi. A lokacin kowa na neman hannu, kuma wa ya fi ɗanka amana? Ga shi ya iya Turanci, ya iya lissafi da tura kuɗi ta waya, ya iya magana da jami'ai a shingen hanya. Karatun da muka sa shi shi ne yake sa mu cire shi daga aji.

Na uku, hidimomi. Bikin 'yar baffa a Shagamu, sunan ɗan yaya a Fatakwal, gaisuwar rasuwa a Katsina. Wanda bai zo ba a ce boko ya sa masa girman kai. 'Yan mata kuma nasu ya fi nauyi: uwa ta haihu ko ta kwanta, ita za a kira ta dawo ta riƙe gida.

Mu a gidanmu na biyun ne ya kama mu. Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a a nan Arewa. Ana saura 'yan makonni layya, yaron da ke mana rakiyar tirela ya kwanta zazzaɓi. Baba ya ce in kira shi. Na kira, ya ce, "Yaya, akwai tes fa a makon nan." Na isar da saƙo. Baba ya ce, "Makaranta ba guduwa za ta yi ba, Sallah kuwa sau ɗaya take zuwa a shekara." Ni ma a lokacin haka na gani, har na yi masa faɗa. Ya zo. Muka bi ta Jebba muka sauke a Agege, kasuwa ta yi kyau, muka tsaya karɓar bashi. Kwana goma sha bakwai ya yi ba ya aji.

Sakamako ya fito da kariyoba biyu. Ɗaya ya faɗi saboda ba shi da CA, ɗayan ma ba a bar shi ya shiga jarrabawar ba. Ɗaya daga cikin kwasa-kwasan sai an ci shi ake ɗaukar na gabansa, sai abin ya ja masa ƙarin shekara. Ranar da muka zauna muka haɗa kuɗin makaranta na shekarar da kuɗin haya da abinci da mota, sai muka ga sun haura abin da za mu biya ɗan rakiya sau da yawa. Baba ya yi shiru, can ya ce, "Ashe mu muka sayar da sa muka sayi akuya." Malamin bai zalunce mu ba. Doka ya bi, mu ne ba mu san ta ba.

Zama a aji kurum bai wadatar ba

Akwai kuma ɗalibin da kullum yana aji amma kamar ba ya nan. Can baya yake zama, bai taɓa ɗaga hannu ba, malami bai san fuskarsa ba. Wannan ya yi yawa a cikin yaranmu, kuma na san dalili domin ni ma haka na yi a sakandare. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya ɗaga murya gaban babba. Ga tsoron kada ka yi Turanci ya karye a yi maka dariya. Wanda ya tashi a Sabo ko Agege ya shiga jami'a a Kudu, ya waiga ya ga shi kaɗai ne Bahaushe a ajin, nasa ya fi tsanani.

Amma ku duba abin da shirun ke jawowa. Ranar gabatar da aikin rukuni, wanda ya tashi ya yi bayani shi malami ke gani. Abin da ba ka gane ba a mako na uku, in ba ka tambaya ba, shi za a ɗora wa na mako na huɗu da na biyar. Ranar da ka zo da uzuri na gaskiya, malamin da ya san ka da ƙoƙari zai saurare ka, wanda bai taɓa jin muryarka ba kuwa sai ya ɗauka cikin masu ƙarya kake. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma ba mu ce ban da aji ba.

Abin mamaki, a karatunmu na gida mun san wannan sarai. A makarantar zaure babu wanda ke aiko wakili. Kai za ka zauna gaban malam, ka ja baƙi da bakinka, ka yi kuskure ya gyara maka a gaban kowa, kuma babu mai ganin abin kunya ne. Sai a boko ne muka mayar da tambaya rashin kunya.

Masana ma sun auna abin. A 2010 wani mai bincike a Amurka, Marcus Credé, da abokan aikinsa biyu sun tattara nazarce-nazarce 69 da suka shafi ɗalibai sama da 21,000. Suka gano cewa zuwa aji ya fi nuna irin makin da ɗalibi zai samu a jami'a fiye da sakamakonsa na sakandare, har ma fiye da makin jarrabawar shiga jami'ar. A 2014 kuma Scott Freeman da tawagarsa suka duba nazari 225 a fannin kimiyya, lissafi da injiniyanci. A ajin da malami ke zuba bayani ɗalibai na saurare kawai, kusan kashi 34 cikin 100 ne ke faɗuwa. A ajin da ake sa ɗalibai magana da warware matsala da kansu, kusan kashi 22 ne.

Akwai wani abu a binciken na farko da ya kamata mu riƙe. Sun ga cewa tilasta zuwa aji da doka ɗan amfani kaɗan yake ƙarawa. Ma'ana, sa hannu a takardar halarta ba shi ke kawo makin ba. Wanda ya ba abokinsa lambarsa ya sa masa hannu ya tsallake doka, amma bai ji abin da aka faɗa ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Inda laifin ba na yaro ba ne, ba na uba ba

Duk wanda ya san yankinmu ya san akwai fashin da babu wanda ya zaɓe shi. A ƙarshen 2016, bayan rikicin da ya ɓarke a Kudancin Kaduna, gwamnatin jiha ta rufe reshen KASU na Kafanchan da Kwalejin Gidan Waya da makarantar koyon aikin jinya ta Kafanchan, suka shafe watanni sai a cikin 2017 aka sake buɗe su. Ranar 18 ga Oktoban 2018 rikici ya tashi a nan Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ce mutum 55 ne suka rasu, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, kwanaki kaɗan bayan haka aka sa ta a cikin garin Kaduna ma. A 2021 aka sace ɗaliban Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris, na Jami'ar Greenfield a Afrilu, na sakandaren Bethel Baptist a watan Yuli, ita kuwa a kan wannan titin namu take, tsakanin Maraban Rido da Kujama. A ƙarshen Satumban shekarar aka katse layukan waya a wasu sassan jihar. Ɗalibin da ya zo gida hutun ƙarshen mako a irin wannan lokaci, ko sanarwar tes da ake turawa a WhatsApp ba za ta same shi ba.

Ku ma a can kuna da naku. Rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairun 2021 ya tarwatsa gidaje da dama. A Kudu maso Gabas, zaman gida na ranar Litinin da aka faro a Agustan 2021 ya cinye wa ɗalibai kwana ɗaya cikin biyar na mako. Wace uwa ce za ta ce wa ɗanta ya kama hanya ranar da ake harbi saboda maki biyar?

A nan ne nake ganin hukumomin jami'o'i, musamman sabuwar ta Kachia, ya kamata su bambanta malalaci da wanda hanya ta tare. Ranar da gwamnati da kanta ta sa dokar hana fita ko ta rufe hanya, bai kamata a ƙirga ta cikin fashin ɗalibi ba, kuma ya kamata a rubuta haka a doka, kada a bar shi ga tausayin malami. A samar da ranar rama tes ga mai uzurin da aka tabbatar. A gina ɗakunan kwana da za su ishi ɗalibai, domin wanda ke kwana cikin makaranta ba ruwansa da kuɗin mota ko shingen hanya. Sannan dokar ta hau kan kowa. Ɗalibai suna kokawa da malaman da ba a ganinsu sai jarrabawa ta matso, su zo su haɗa laccar wata guda a kwana uku, har da Asabar da Lahadi. In za a ƙirga zuwan ɗalibi, a ƙirga na malami.

Abin da ke hannunmu

Tsaro da dokar makaranta ba a hannunmu suke ba. Waɗannan kuwa suna hannunmu.

Ka nemi kalandar zango daga wajen yaronka ranar da aka fitar da ita, ka san ranar buɗewa, makon tes da makon jarrabawa kamar yadda ka san ranakun kasuwa. Kuɗin rajista ka ware shi tun kafin a buɗe, kada ka bar shi cikin uwar kuɗi yana yawo a hannun 'yan bashi. In abin ya yi nauyi, akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makarantun gwamnati kuma yana ba ɗalibi Naira 20,000 a wata. Bashi ne da za a biya bayan an fara aiki, don haka a zauna a yi shawara a gida, amma a san da shi.

Lokacin layya ka ɗauki ɗan rakiya ka biya shi. In dole sai yaron ya taimaka, ya yi lissafi da tura kuɗi daga inda yake, waya ta sauƙaƙa wannan. Hidimar dangi kuma, wani babba ya tsaya ya ce wane yana makaranta, ni na hana shi zuwa. In babba ya faɗa, babu mai cewa girman kai ne.

In uzuri na gaskiya ya faru, kada yaro ya ɓace ya dawo da baki kawai. Ya sanar da wakilin aji da malamin da ke kula da ajinsu tun ranar, ya rubuta takarda zuwa ga shugaban sashe, in rashin lafiya ne ya kawo takardar asibiti ya kai asibitin makaranta su tabbatar. Da ƙanena ya san wannan tun farko, ko a wasu lokutan da ya yi zazzaɓi da bai yi asarar maki ba.

Tambayar da muke yi wa yara ma mu canza ta. "Yaya karatu?" amsarta kullum "Alhamdu lillahi" ce. Ka tambaye shi nawa ya ci a tes, lacca nawa ya rasa a watan nan, yaushe rabon da ya yi tambaya a aji. Ko ba ka yi boko ba, lamba dai ka san ta. Sarakunan Hausawa da shugabannin kara da ƙungiyoyin matasa a Agege, Mile 12, Sabo, Lokpanta da Amansea za su iya tara ɗaliban unguwa lokacin hutu, waɗanda suka gama su bayyana wa iyaye wannan lissafi da Hausa. Zama ɗaya bayan sallar La'asar ya isa.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, ku matsa gaba a aji. Turancin da kuke tsoron ya karye, a bakin kowa sai da ya karye kafin ya miƙe. Ba a fafe gora ranar tafiya, handawut ɗin da za ka haddace a dare biyu ba zai mayar maka da maki 40 da aka riga aka raba ba.

Babu ɗan kasuwar da zai loda shanu talatin ya ƙi ƙirga su a Jebba, ya ƙi ƙirga su a Ogbomosho, ya ce sai an isa kara. Kwanakin yaro a aji ma dukiya ce da muka biya kuɗinta, kuma ba su kai yawan da muke zato ba. Ƙanena ya koma, yana rama shekararsa. Sallar da ta biyo baya Baba da kansa ya ce kada wanda ya kira shi.

Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya zaunar mana da garuruwanmu da hanyoyinmu lafiya.